Kilomita 21 Daga Newcastle Zuwa Bakin Teku

A Zariya inda na tashi, magidanci ba ya gudu. Yara na gudu, 'yan ƙwallo na gudu, kuratan soja na difo suna fitowa sassarfa da asuba suna waƙa, amma mai mata da 'ya'ya in aka hango shi ya zura a guje a titi, ba wanda zai tsaya tambaya, kowa waiwayawa zai yi ya ga abin da ya koro shi. Da wannan tarbiyya na zo Ingila, da ita kuma na zauna shekaru, har ranar da na ɗaura wa kaina na'urar awon jini a wurin aiki don wasa, na ga lambar da in a hannun majinyaci na gan ta sai na kira likita. Masu iya magana sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Aikin jinya nake yi a wani asibiti a Newcastle, can arewa maso gabashin Ingila. Masu kallon ƙwallo sun san sunan garin, mu Zazzagawa ma muna da ƙarin dalili, don Shola Ameobi da ya daɗe yana buga wa Newcastle United gaba a Zariya aka haife shi a 1981, aka kawo shi nan yana ɗan shekara biyar. Celestine Babayaro na Kaduna shi ma ya taka musu leda.

Abin da ba a gaya wa mai shirin zuwa Turai shi ne yadda ƙasar ke zaunar da mutum. A gida ko ba ka yi niyya ba kana cikin motsi: masallaci sau biyar, kasuwa, gaisuwar rasuwa, ɗaurin aure a wata unguwa. Nan kuwa daga ɗaki sai bas, daga bas sai asibiti. Wani zai ce ai ma'aikacin jinya a tsaye yake wuni. Haka ne, amma kai-kawo tsakanin gadaje gajiya yake tara wa mutum, ba ya sa zuciya aikin da ya kamata. Ga aikin dare, ga biskit da cakulan da dangin majinyata ke ajiye mana na godiya. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, ka fita da duhu ka dawo da duhu. Duk garin da na sani bai wuce gida, asibiti, shagon naman halal a West Road da masallacin Juma'a ba. Teku na nan, tafiyar rabin awa a jirgin ƙasa, ban taɓa zuwa na gan shi ba.

Wata abokiyar aikina ce ta ja ni, dattijuwa 'yar asalin garin da ta haura sittin, wadda nake ce wa Mama tana jin daɗi. Ba ta yi mini wa'azin lafiya ba. Cewa ta yi ranar Asabar ƙarfe tara na safe in same ta a Town Moor, in zo da kambas.

Town Moor wani makeken fili ne na ciyawa a tsakiyar birni, kuma abin da na fara gani da na isa shanu ne. Shanu, jama'a, a tsakiyar garin Turawa, ba makiyayi ba sanda, suna kiwonsu suna kallon motoci. Wasu 'yan gari da ake kira Freemen ne ke da haƙƙin kiwo a wurin tun ɗaruruwan shekaru, kuma har yau daga bazara zuwa kaka ana sako shanun. A tsakaninsu ake yin abin da suke kira parkrun, gudun kilomita 5 kyauta duk Asabar, wanda wani mutum mai suna Paul Sinton-Hewitt ya fara a wani lambu a Landan a 2004, ya bazu ƙasashe da dama. Ba a korar kowa, akwai ma mai aikin sa-kai da aikinsa shi ne ya zo na ƙarshe don kada wani ya ji kunya. Na yi tafiya fiye da gudu a ranar, tsofaffi da masu tura jarirai a keke suna wuce ni suna ce mini sannu da ƙoƙari. Daga nan na bi tsarin da hukumar lafiya ta ƙasar ke bayarwa a waya, na mako tara, fita uku a mako, wanda ke farawa da sassarfar minti ɗaya a huta da tafiya, ya ƙare da gudun rabin awa ba tsayawa.

Mama ba ta bar ni a nan ba. Duk wanda ya zauna Newcastle ya san akwai wata Lahadi a watan Satumba da ake rufe manyan tituna, motoci su ba mutane wuri. Great North Run ke nan, rabin gudun fanfalaki mafi yawan jama'a a duniya.

Cikakken gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira gudun yada-ƙanin-wani, kilomita 42 ne da mita 195. Wannan ɗan ƙarin da ke ba mutane mamaki ya samo asali ne daga wasannin Olamfik na Landan a 1908, inda aka auna hanyar daga fadar Windsor zuwa filin wasa, aka kuma tsayar da shi ya zama ƙa'ida a 1921. Rabinsa kilomita 21 ne da ɗan ɗoriya, su kuma mutanen nan da suke lissafi da mil sai su ce mil 13.1. Na Newcastle, Brendan Foster ne ya ƙirƙiro shi, ɗan wannan yanki da ya ci tagulla a tseren mita 10,000 a Olamfik na Montreal a 1976. Ya halarci wani gudun jama'a a New Zealand, ya dawo gida da tunanin a yi irinsa. An yi na farko ranar 28 ga Yuni, 1981 da mutum wajen 12,000. Yanzu gurbi 60,000 ake bayarwa, kuma masu nema sun fi haka nesa ba kusa ba, don haka ƙuri'a ake yi a farkon shekara. A 2014 aka samu mutum na miliyan ɗaya da ya tsallake layin ƙarshe.

Ƙuri'a ba ta faɗo kaina ba a 2023, sai na bi ɗaya ƙofar. Ƙungiyoyin agaji suna sayen gurabe su raba wa wanda ya yi alkawarin tara musu kuɗi. Na karɓi na wani gidan kula da marasa lafiyan da magani ya gaza a kansu, inda mijin Mama ya yi jinyarsa ta ƙarshe. Neman taimakon ne ya fallasa ni ga 'yan'uwa. Bayan sallar Juma'a wani dattijo ɗan Katsina ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Malam, in na fahimce ka, mu za mu ba da kuɗi, kai kuma ka yi gudu. To mu ba da kuɗin mana kai ka zauna ka huta." Ya dai ciro fam ashirin ya miƙo. Labari ya kai Zariya kafin in kai shi da kaina. Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari.

"Kai, wai me nake ji? An ce tsere za ka shiga."

"E, Inna, na motsa jiki ne."

"Nawa za a ba ka?"

"Ai ni ne ma zan biya."

Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, sannan ta ce, "To, Allah ya kyauta. Ka dai riƙa addu'a kafin ka fita."

Horon kansa ba shi da wani sirri, sai dai yana da gaskiyar da na sani a littafi amma ban gane ta ba sai a jikina. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni haki zai ragu, mutum ya ji kamar zai iya komai. Jijiyoyi da gaɓoɓi da ƙashi kuwa watanni suke buƙata. A wannan tazarar ce sababbin masu gudu suke jin ciwon ƙwauri da gwiwa da diddige, don numfashinsu ya ba su izinin da ƙafarsu ba ta ba su ba. Shi ya sa ake ƙara nisa kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma a mako, kuma yawancin gudun a hankali ake yin sa, daidai yadda za ka iya hira da na kusa da kai. In magana ta gagara, ka yi sauri da yawa. Sau ɗaya a mako sai a yi doguwar fita, ita ce uwar horon. Takalmi a saye shi da ɗan sarari a gaba, don ƙafa na kumbura a hanya. Rigar auduga tana shan gumi ta yi nauyi ta riƙa gurzar fata, kuma duk inda fata ke gogar fata ko tufa a shafa basilin, har kan nono, abin da ba namijin da ke son a faɗa amma duk wanda ya ga jini a rigar wani a layin ƙarshe zai yarda. Ni kuma na ƙara da dogon wando mai kama jiki a ƙarƙashin gajeren, don gwiwa ta rufu.

Azumin shekarar ya kama ranar 23 ga Maris, daidai lokacin da ya kamata in fara ƙara nisa. Na mayar da fitar zuwa ɗan lokaci kafin magariba, a hankali, yadda zan dawo gida ana gab da shan ruwa. Zuwa ƙarshen watan rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas. Ban ƙaru da komai ba a watan, amma ban yi asarar abin da na tara ba, kuma haka nake ba duk mai tambayata shawara: Ramadan watan riƙo ne, ba na ƙari ba. Mai ciwon sukari ko hawan jini da ke shan magani kuwa ya ga likitansa tukuna.

Da bazara ta shigo, rana na kaiwa kusan goma saura kwata na dare, sai doguwar fitar ta fara kai ni inda bas bai taɓa kai ni ba. Na gano Jesmond Dene, wani kwari mai rafi da itatuwa a tsakiyar gari. Na bi bakin Kogin Tyne ta ƙarƙashin gadojinsa, na wuce tsofaffin wuraren ƙera jiragen ruwa na Walker da Wallsend inda yanzu ciyawa ta fi ma'aikata yawa, har wata safiya hanya ta kai ni Tynemouth na tsaya a gaban teku ina haki. Wani mai yawo da kare da muke haɗuwa kullum ya fara ɗaga mini hannu. Mai shagon da nake tsayawa sayen ruwa ya fara tambayata mil nawa yau. Ga wanda ke zaune a gida cikin dangi wannan ba komai ba ne. Ga wanda ya yi shekaru ba mai gaishe shi a titi, abu ne.

Akwai tambayar da na sha: ko ni ɗan Kenya ne? Baƙar fata siriri mai gudu, a idon wasu, ba shi da wata ƙasa. Nakan yi musu bayanin cewa zakarun Kenya da Habasha a kan tsaunuka suke tashi, garin Iten ma ya kai mita 2,400 sama da teku, inda ƙarancin iska ke tilasta wa jiki ƙara jan jini. Mu a Najeriya 'yan gudun dogon zangonmu yawanci daga Filato suke fitowa, wajen Pankshin, saboda dalili makamancin wannan. Ni kuwa ɗan Tudun Wada ne, kuma tudun namu suna ne kawai.

Ranar Lahadi 10 ga Satumba, 2023 ta zo a ƙarshen makon da Birtaniya ta yi kwana bakwai a jere ana samun zafin da ya haura digiri 30 a wasu sassanta, abin da ba a taɓa gani ba a watan Satumba. Newcastle bai kai haka ba, amma garin ya ɗaure, ba iska, gumi na fita ba ya bushewa. Abokan aiki suka ce ai yau ranarka ce, yanayin ƙasarku ne. Ba su san jiki na manta sabo da zafi cikin 'yan makonni ba, balle shekaru, kuma ba mai hankalin da ke gudun kilomita 21 da tsakar rana a Zariya.

Na karya da kunun hatsi da ayaba tun da sassafe, na zuba dabino a aljihu. Jiki na adana sukari a hanta da tsoka wanda zai ɗauki mai gudu kamar awa ɗaya da rabi, bayan nan sai an ƙara masa. Turawa suna shan wani abu mai yauƙi a 'yar leda, ni dabino ya ishe ni, kuma da shi na yi horo, don ƙa'idar ranar tsere ita ce kada ka gwada sabon abu, ko abinci ko takalmi. Jakunkunanmu muka zuba a manyan bas masu hawa biyu da za su riga mu zuwa bakin teku. Aka raba mu rukuni-rukuni bisa launin lambar ƙirji, masu sauri a gaba, mu 'yan rakiya can baya, a kan babbar hanyar mota da ke gefen Town Moor. A jikin lambar akwai 'yar na'ura da ke fara ƙirga lokacinka sai ka taka layin farawa, don haka jiran ba ya cin kowa. Jira kuwa an yi shi. Lokacin da na taka layin, zakarun sun yi nisa a hanya.

A cikinsu akwai Mo Farah, haifaffen Somaliya mai zinare huɗu na Olamfik, wanda ya lashe wannan tsere sau shida a jere daga 2014 zuwa 2019, ya kuma zaɓi ya yi ban-kwana da gasa a nan, a wannan rana. Na huɗu ya zo. Tamirat Tola na Habasha ne ya ci na maza cikin awa ɗaya saura ƙiris, Peres Jepchirchir ta Kenya ta ci na mata. Nakan gaya wa yarana cewa ni da Mo Farah mun taɓa shiga tsere ɗaya, kuma ba ƙarya na yi ba.

Farkon hanyar gangara ce, kuma ita ce tarkon. Jiki da ƙarfi, jama'a na ihu, kowa sai ya saki ƙafa. Mama ta riga ta ja mini kunne cewa duk wanda ya ci bashi a mil ɗin farko a na goma zai biya, don haka na bar mutane suna wuce ni. Muka bi ta ƙarƙashin gadojin sama inda amo ke amsa kuwwa, sai ga Gadar Tyne, koriya, mai bakan ƙarfe, wadda Sarki George na Biyar ya buɗe a 1928. Na sha wuce ta a bas ina kallon waya. Taka tsakiyarta da ƙafa, kogi a ƙasa, dubban kawuna a gaba har iya ganinka, wani abu ne dabam. Al'ada ce jiragen sojan sama na Red Arrows su ratsa ta samanta suna fesa hayaƙi ja da fari da shuɗi.

Gaskiyar magana, daga an tsallake gadar nan hanyar ba ta da kyan gani. Titin mota ne mai hannu biyu, shataletale, rumbunan ajiya, gidajen gwamnati. A wuce filin wasa na Gateshead, a hau dogon hawa na Felling zuwa Heworth, a karkata a Whitemare Pool. Wanda ya zo kallon gari zai yi da-na-sani. Ga cunkoso, ga robobin ruwa a ƙasa da za su iya kayar da mutum, ga kuɗin shiga da ba kowa ke iya biya ba. Abin da ke riƙe da wannan tsere mutanen bakin hanya ne. Kamar hawan Sallah a ƙofar fada, ba wanda ya zauna a gida: tsofaffi a kujerun lilo, yara sun jera hannu a tafa musu, makaɗa a kowane shataletale, masu gida sun jawo mesa suna fesa wa masu gudu ruwa. Mata sun fito da faranti cike da yankakken lemo da ƙanƙara mai zaƙi da suka saya da kuɗinsu. Kuma waɗannan ba unguwannin masu hali ba ne. Yanki ne na ma'adinan kwal da ƙera jirage da duk suka mutu. Hanyar tana bi ta gefen Jarrow, garin da a 1936 mazajensa 200 suka taka da ƙafa har Landan don kai kukan rashin aiki bayan an rufe masana'antar jiragensu.

Na rubuta sunana a gaban riga kamar yadda aka ba ni shawara. Sun kira shi, sun karya shi, sun sake kira. Ba na ruɗin kaina. A wannan ƙasa na taɓa zuwa ba majinyaci magani ya ce a kira masa wani ba ni ba, kuma na san dalili. Amma a ranar wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta tashi daga kujerarta ta cusa mini ƙanƙara a hannu tana cewa in ci gaba, ɗana, saura kaɗan. Ba kaɗan ya rage ba, ƙarya ta yi mini, Allah ya saka mata. Lemo na karɓa, ƙanƙara na karɓa. Alewar nan mai taushi da yara ke miƙowa na wuce ta, don da sinadarin ƙashi da fatar dabba ake yin ta kuma ban san wace dabba ba. Wajen mil na goma wasu na miƙo giya a ƙananan kofuna, su ma na ɗaga musu hannu na wuce.

Ruwa ma da ƙa'idarsa. A rana irin wannan tsoron ƙishi kan sa mutum ya sha a kowane tebur har ya wuce kima, gishirin jininsa ya tsinke, kuma wannan ya fi ƙishin haɗari, yana kai mutum asibiti. Kurɓa nake yi, sauran in juye a ka. Na ga waɗanda zafi ya kayar a gefen titi, ma'aikatan agaji na kansu, idona na ma'aikacin jinya yana ta son ya tsayar da ni, amma duk wanda na gani da masu kula da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bayan mutane ne. In kana gudu a cikin taro, bayan na gabanka kake kallo awa biyu, kuma kusan kowane baya da rubutu ko hoto. Wannan don mahaifiyarsa, wannan don 'yarta da ta rasu tana jaririya, wannan don abokinsa. Wani ƙato mai zane a duk hannu yana gudu yana share hawaye da hoton wani dattijo a gadon bayansa. A da nakan ce mutanen nan ba su san makoki ba, don ba sa zaman kwana uku ko bakwai, ba sadakar arba'in, a binne ka yau gobe kowa ya koma aiki. Ashe suna da inda suke kai baƙin cikinsu, suna kuma fitar da dukiya da sunan mamatansu, miliyoyin fam duk shekara. Ni ma sai na sami kaina ina yi wa mahaifina addu'a daga wannan fitila zuwa waccan.

John Reid Road ce ta karɓi bashinta, ko da ban ci da yawa ba. Hawa ce marar tsanani amma ba ta ƙarewa, daga wajen mil na takwas, ta miƙa ka ga Prince Edward Road wadda ita ma hawa ce. A nan hira ke mutuwa. Cinyoyina suka yi nauyi, wani bororo ya taso a ɗan yatsa, wani mutum sanye da kayan dodon ƙadangare, da jela da komai, ya wuce ni ban iya ko jin haushi ba. Na ci dabino na ƙarshe. Na daina tunanin kilomita, na koma ƙirga turakun fitila.

Sai kwatsam hanya ta karye ƙasa, gangara mai tsanani da ke sa gwiwa kuka, ga teku shimfiɗe a gaba. Kowa ya ɗauka an zo. Ba a zo ba, saura fiye da mil ɗaya a miƙe a gaɓar teku, kuma duk wanda ya yi wannan tsere zai gaya maka babu mil mai tsawonsa. Allon mita 800, ka yi ta gudu, allon mita 400. Jama'a sun yi dafifi hagu da dama har ba ka jin numfashinka. Na tsallake layin cikin awa biyu da kusan rabi, aka rataya mini lambar yabo, aka miƙo jaka da riga da ruwa, na nemi ciyawa na zube.

Ban daɗe a zaune ba hadari ya haɗo daga yamma, gari ya yi baƙi. Aka yi tsawa, aka saki ruwa kamar da bakin ƙwarya, irin na watan Agusta a gida, ba yayyafin da suka saba ba. Cikin ɗan lokaci tituna suka zama rafi, motoci suka tsaya cik, ruwa ya hau hanyar jirgin ƙasa aka dakatar da shi, dubban mutane masu ɗingishi suka rasa hanyar komawa. Waɗanda ɗazu ake fesa wa ruwa don zafi yanzu suna karkarwa a cikin bargon leda mai ƙyalli.

Tunda ba tafiya, ga azahar na kaina, sai na ja ƙafa zuwa unguwar Laygate. Mutane da yawa ba su san cewa South Shields, inda tseren ke ƙarewa, na cikin garuruwan da Musulmi suka fi daɗewa a Birtaniya ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ma'aikatan jirgin ruwa 'yan Yaman suke sauka a nan ta hanyar Aden, yawancinsu masu zuba kwal a tukunyar jirgi, suka auri 'yan gari suka zauna. Jikokinsu na nan da sunayen Larabawa da harshen mutanen Tyne. Masallacinsu, Al-Azhar, na cikin na farko-farko da aka gina takanas don salla a ƙasar, kuma a cikinsa aka sa wa auren Muhammad Ali albarka da ya ziyarci garin a 1977. Na shiga a jiƙe sharkaf da lamba a ƙirji. Ruku'u ya yiwu, sujada ta yiwu, tashi daga sujada ne ya zama aiki, har wani dattijo ya turo mini kujera ba tare da ya ce komai ba.

Da jirgin fito na koma, wanda ke tsallaka bakin Kogin Tyne zuwa North Shields cikin 'yan mintoci, bayan dogon layi, daga can na kama jirgin ƙasa zuwa gida. Maiɗakina ta dafa tuwon shinkafa da miyar kuka, na ci kamar wanda aka sako daga kurkuku. Kwana biyun da suka biyo baya da baya-baya nake sauka daga bene, don tsamin jikin gangara a gaban cinya yake zama, kuma farcen babban yatsana ɗaya ya yi baƙi, daga baya ya fita. Awon jinina dai ya sauka tun kafin tseren, watannin horo ne suka yi wannan aikin, ba ranar ba.

Da na koma aiki na tarar Mama ta riga ni isa, tana tafiyarta garau kamar ba ita ba. Ta tambayi lokacina, na faɗa. Ta riga ni da fiye da minti goma, kuma kafin a tashi aiki ta tabbatar duk wanda ke sashenmu ya ji, har majinyata.